Harsashin Libarba ko na Doguwar Bindiga? Darasi Daga Mafarautan Amurka

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti]

A cikin shirinmu na faɗakarwa mukan leƙa rayuwar wasu al'ummomin duniya mu ga abin da za mu tsinta. Yau Amurka muka nufa, wajen mafarautanta, kuma batunmu bindiga ce.

Na san kalmar nan tana da nauyi a kunnenmu a wannan zamani. Gidaje da yawa a ƙasar nan ƙarar bindiga ta bar su da marayu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Bindigar da za mu tattauna a kanta yau ta farauta ce, a ƙasar da doka ta tsara wa maharbi lokacin fita, da dabbar da zai harba, da irin harsashin da zai ɗura. Abin da ya ja hankalina gare ta wata muhawara ce da mafarautan can suka shafe fiye da shekara 100 suna yi, wadda in ka bi ta har ƙarshe za ka tarar ta shafi kowane mai sana'a: yaya mutum zai san iyakar kayan aikinsa, kuma ya tsaya a kan iyakar?

Dattawan da suka yi zamanin shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos za su tuna finafinan kaboyi. Ga jarumi bisa doki da malafarsa, ga libarba a ƙugu, ga kuma wata doguwar bindiga soke a jikin sirdi. In faɗa ya kaure sai ya zaro ta ya harba, ya tura wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashinta gaba, ya dawo da shi, ya sake harbi. To, ita ce bindiga mai liba. Tura mariƙin gaba shi ke tofar da kwanson da aka harba, ya kuma ɗana bindigar. Dawo da shi kuma shi ke cusa sabon harsashi. Su harsasan a jere suke cikin wani siririn bututu da ke ƙarƙashin bututun harbi, ɗaya na bin ɗaya kamar ƙwayoyin carbi. Ku riƙe wannan jerin carbi a ranku, za mu dawo kansa.

Har yau ana ƙera wannan bindiga, kuma duk Ba'amurken da ya shiga kanti zai saye ta, tambayar farko da mai kanti zai yi masa ita ce: wane harsashi kake so ta ci? Na ƙaramar bindiga, wato irin wanda libarba ke ci, ko kuwa na doguwar bindiga na ainihi? Kafin mu ji amsa, mu ji inda tambayar ta samo asali.

A birnin New Haven na jihar Connecticut aka yi wani attajiri mai masana'antar ɗinka riguna, sunansa Oliver Winchester. Ya zuba kuɗinsa a wani kamfanin bindiga da ya durƙushe, ya sa wani gwanin maƙeri, Benjamin Tyler Henry, ya gyara ƙirar. A 1860 Henry ya yi rajistar bindigarsa mai ɗaukar harsashi 15 a cikin bututu. A wancan lokaci yawancin sojojin duniya 'yar'uwar bindigarmu ta toka suke riƙe da ita, wadda ake ɗurawa ta baki, a harba sau ɗaya a tsaya ɗuri. A 1866 kamfanin ya ɗauki sunan Winchester, a 1873 kuma ya fitar da ƙirar da ta fi kowace suna, tare da harsashin da ake kira .44-40.

Lambobin nan ba su da wuyar ganewa. Ta farko faɗin harsashi ce, kashi 44 cikin 100 na inci, wajen milimita 11 ke nan. Ta biyu nauyin albarushin da ke cikin kwanso ce, da wani ɗan ma'auni nasu wanda 40 ɗinsa bai cika giram 3 ba.

Bayan kamar shekara 5, kamfanin Colt ya fara ƙera libarba mai cin wannan harsashi na .44-40. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga makiyayin da ke bin shanu a dajin yammacin Amurka, wanda sai ya yi kwana da kwanaki a kan doki kafin ya ga kanti. Jigidar harsashi ɗaya ta ishe shi ciyar da bindiga biyu. Ba zai rikice cikin duhu ya ɗura wannan a waccan ba, kuma duk kantin da ya tarar yana da abin da yake nema. Daga nan al'adar ta kafu, ita ce kuma har gobe take jan mutane zuwa ga harsashin libarba.

Amma tun a wancan zamani an san iyakarsa, kuma babu inda aka nuna sanin kamar a garin Pilebna, cikin ƙasar Bulgeriya ta yau. A 1877 sojojin Daular Usmaniyya ƙarƙashin Usman Pasha suka kafa sansani a can, rundunar Rasha da ta Romaniya suka yi musu ƙawanya tun daga watan Yuli har Disamba. Masana tarihin makamai sun bayyana cewa Turkawa bindiga iri biyu suka yi aiki da su. In abokan gaba suna nesa, sai su harbe su da Peabody-Martini, mai babban harsashi, mai ci ɗaya-ɗaya. In sun matso kusa da ramuka, sai su ɗauki Winchester ƙirar 1866, mai ƙaramin harsashi, mai saurin aman wuta. Daga ƙarshe yunwa da ƙarewar kayan yaƙi suka sa Usman Pasha ya miƙa wuya, amma watannin da ya yi yana tare babbar runduna sun sa ƙasashen Turai sake tunani kan bindiga mai ɗaukar harsashi da yawa. Abin lura gare mu shi ne, kowace bindiga an ba ta tazarar da ta dace da ita.

Mafarautan Amurka ma sun ci karo da wannan iyaka. A filayen yamma akwai ɓaunar ƙasarsu, wadda babban namijinta kan kai kilo 900, ga kuma dabbar beyar. Harsashin .44-40 ba sa'ansu ba ne, ƙirar 1873 kuma ba ta da ƙwarin da za ta jure babban harsashi. Wanda ya warware wa Winchester wannan matsala wani matashin maƙeri ne daga garin Ogden na jihar Utah, John Moses Browning. Ƙirarsa ta 1886 ta iya cin .45-70, harsashin da sojan Amurka ya ɗauka tun 1873, mai dalma ta giram 26. Ya sake yin ƙaramarta a 1892 domin harsasan libarba, wadda ita ce aka fi gani a hannun 'yan fim. Sannan ya yi ƙirar 1894, wadda a shekarar da ta biyo baya aka haɗa ta da harsashin .30-30, talatin-talatin a bakin mafarauta. Wannan yana cikin harsasan farauta na farko a Amurka da suka bar baƙin albarushi suka koma sabon albarushi marar hayaƙi. An ƙera ƙirar 1894 fiye da miliyan 7. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a kan mararrabar nan mai saye yake tsaye har yau.

To mene ne ainihin bambancin? Ɗauki kwanson .357 Magnum, harsashin libarba da ya fito a 1935, ka ajiye kusa da na .30-30. Na farko gajere ne miƙaƙƙe kamar gwangwani. Na biyu dogo ne, mai faɗin ciki da siririn wuya kamar kwalba, saboda haka albarushin da yake ɗauka ya ninka na farko. Dalmar da ke bakinsu kuwa kusan nauyinsu ɗaya, giram 10 ko kusa da haka.

In an harba .357 daga libarba, dalma tana fita da gudun mita 380 a daƙiƙa ko kusa da haka. Shi wannan harsashi, in an harba shi daga bindiga mai liba, gudunsa yakan haura mita 500. Dalili kuwa, a gajeren bututu dalma tana ficewa tun iskar albarushi ba ta gama tura ta ba, sauran ƙarfin ya tafi a banza cikin ƙara da walƙiya. Dogon bututu yana ba iskar lokaci ta gama aikinta. Haka kuma libarba tana da ɗan gibi tsakanin gidan harsashi da bututu inda iska ke zurarewa, doguwar bindiga ba ta da shi. Don haka kada wani ya raina harsashin libarba in ya shiga doguwar bindiga. Ya zama wani abu daban.

Duk da haka, .30-30 yana fita da gudun mita 730 a daƙiƙa, kuma ƙarfin duka ya fi dogara ga gudu fiye da nauyi: in gudu ya ninka, ƙarfin duka yana ninkawa sau huɗu. Shi ya sa tun daga bakin bindiga dukan .30-30 ya kusa ninka na .357. Shi kuwa .44 Magnum, na tsakiyar shekarun 1950, da dalmarsa mai giram 15 da ɗoriya, a bakin bindiga yana dab da .30-30, sai dai dalmar gajeriya ce mai faɗi, iska tana saurin karya mata gudu.

Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Harsashi ma jifa ne. Tun daga lokacin da ya bar bututu ƙasa ke jansa, kuma mai jinkirin tafiya ya fi faɗuwa kafin ya isa. A ce an saita bindigogin nan su sami tsakiya a yadi 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo. In aka ƙara nisan ya zama yadi 200, .30-30 zai sauka ƙasa da inda aka auna da kamar taƙi ɗaya, santimita 20. Harsasan libarba za su sauka da kusan kamu guda. Tsohon ɗurin .45-70, duk da girmansa, zai sauka da wajen santimita 60. Wanda bai san wannan ba zai auna ƙirji ya sami ƙafa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan bindiga mai liba ta mafarautan Amurka, da yadda suke zaɓa mata harsashi.

Na ce za mu koma kan jerin carbi. A cikin bututun nan, bakin kowane harsashi yana tokare da gindin na gabansa, kuma a tsakiyar gindin ne ɗan ƙyastun da ke tayar da wuta yake. In dalma mai tsini ce, shurin bindiga zai iya sa ta soki ƙyastun na gaba, wuta ta tashi cikin bututu a dab da hannun mai harbi. Saboda haka ake yi wa harsasan wannan bindiga baki dakusasshe, shi kuma dakusasshen baki ba ya keta iska da kyau. Wannan ne ya sa ko .30-30 ɗin ma ba a ɗauke shi harsashin nesa ba. An bi hanyoyi don kauce wa matsalar. Browning ya yi ƙirar 1895 wadda harsasanta ke kwance ɗaya bisa ɗaya a cikin akwati, irinta ce tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tafi da ita farauta Gabashin Afirka a 1909. A tsakiyar shekarun 2000 kuma kamfanin Hornady ya fito da dalma mai tsinin roba mai laushi, wadda ba ta tayar da ƙyastu. Ta ƙara nisa, amma ba ta mayar da wannan bindiga ta harbin tsallaken kwari ba.

Yanzu mu shiga kanti tare da mai saye. Gogaggen maharbi ba zai fara tambayarsa wane harsashi ya fi ƙarfi ba. Zai tambaye shi, me za ka harba, kuma daga ina?

In amsarsa ita ce zomo, da yanyawar da ke addabar kaji a gona, da koyon saiti a filin gwaji, to harsashin libarba ya fi masa. Shurinsa a kafaɗa kaɗan ne, ƙararsa ba ta kai ta babba ba, bututun yana ɗaukar wajen guda 10 inda .30-30 ke ɗaukar 6 ko 7. Bindigar .357 kuma tana cin .38 Special, ƙaninsa mai sauƙin ƙarfi, wanda kuɗinsa yawanci bai kai rabin na .30-30 ba. Wannan batun kuɗi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin saiti ba ya samuwa sai da yawan gwaji, kuma wanda harsashinsa ke da araha shi ne zai yawaita gwajin. Ga barewar ƙasarsu mai farar wutsiya ma, .357 da .44 suna kayar da ita sarai matuƙar ba ta wuce yadi 100 ba.

In kuwa barewar ce babban abin nemansa, kuma dajinsu yana da sarari inda za ta iya ɓullowa a yadi 150 ko fiye, to .30-30 ne abokin tafiyarsa. Da za a tambaye ni wanne zan nuna wa mutumin da bindiga ɗaya tak zai saya don neman naman gida, shi zan nuna masa. Yana da ƙarfin da ya rage bayan ya yi tafiya, kuma wannan ragowar ita ce ke rufa wa maharbi asiri ranar da ya yi kuskuren auna nisa.

Shi .45-70 na masu shiga dazuzzukan Alaska ne da makamantansu, inda beyar ke iya fitowa daga ƙurmi ba sallama. A can girmansa hujja ce. Amma wanda ya saye shi don burgewa, ya je harbin ƙaramar dabba da shi, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Akwai kuma wata illa da malaman harbi suka sani sosai. Bindigar da ke dukan kafaɗa da ƙarfi tana koya wa mai ita tsoro. Kafin ya gama jan kunama ya riga ya runtse ido ya noƙe, bakin bindiga ya kauce. Ƙarfin da ya saya da tsada sai ya zama sanadin kuskurensa.

Doka ma tana da ta cewa. Jihar Ohio yawancinta ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai gonaki da gidaje kusa da juna, shi ya sa ta daɗe tana hana farautar barewa da doguwar bindiga mai nisan zango. A 2014 ta buɗe ƙofa, amma ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso kaɗai, domin su ne ke saurin faɗuwa ƙasa. Ke nan a can .357 da .44 da .45-70 sun halatta, .30-30 mai wuyan kwalba bai halatta ba. Jihar Iowa da kudancin Michigan su ma sun yi dokoki masu kama da wannan. Hukuma ta duba inda harsashi zai je in ya kuskure dabba, domin a bayan kowace barewa akwai yiwuwar gidan wani.

Duk lissafin nan na gudu da nauyi da nisa, abu ɗaya yake karewa, kuma shi ne zuciyar shirinmu na yau. Wurin da in an sami barewa take mutuwa da sauri, wato zuciya da huhu, bai wuce faɗin ɗan farantin cin abinci ba. Malaman farauta a Amurka sukan ce wa ɗalibi ya kafa faranti irin wannan, ya yi ta ja da baya yana harbi. Nisan da harbinsa ya fara fita daga faranti, nan ne iyakarsa, ko da bindigarsa tana iya wuce nan. Bayan wannan iyaka abin da ke faruwa ba shi da daɗin ji. Dabba ta samu rauni a ciki ko a cinya, ta shige ƙurmi, ta kwana tana nishi, ta mutu inda babu mai amfana da ita. Mu da aka hore mu da wasa wuƙa kafin yanka don kada dabba ta wahala, wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Zaɓen harsashin da ya dace wasa wuƙar maharbi ne.

Kafin mu rufe, tunatarwa biyu. Ta farko, a Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar libarba ko doguwar bindiga irin waɗannan ba tare da lasisin hukuma ba, kuma saɓa mata yana kai mutum gidan yari. Ta biyu ga mafarautanmu da suke da izini: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba a yi niyyar harbi ba, kada a harbi motsin ciyawa sai an ga abin da ke motsa ta, a kuma ajiye ta inda hannun yaro ba ya kai wa. Harbin iska a wajen biki shi ma a bar shi. Harsashi irin .30-30 yana iya tafiyar fiye da kilomita 2, kuma duk inda ya je sai ya sauko.

Tsofaffin maharbanmu da bindigar toka ba su san mita nawa dalmarsu ke gudu a daƙiƙa ba, amma sun san tazararta sarai. Shi ya sa maharbi zai bi ta ƙarƙashin iska, ya saɗaɗa, ya yi rarrafe cikin ƙaya har sai ya matso inda ya tabbata. In dabba ta ankara ta ba shi nisa, sai ya sauke bindiga ya bar ta ta tafi, ya koma gida hannu rabbana, bai ji kunyar kowa ba. Ba'amurken da ke tsaye a kanti yana juya harsashi biyu a tafin hannu, ko wanne ya zaɓa, ranar da barewa ta tsaya masa a bayan iyakarsa, hukuncin da ke gabansa shi ne wanda ke gaban wancan tsoho: ya matsa kusa, ko ya haƙura.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.  

[Kiɗan rufe shiri]